Babur Mai Sanɗa

(A rumfar wani mai shayi a gefen titin Murtala Muhammad da ke Kano, bayan sallar La'asar. Bazazzagi malamin makaranta, da Bagobiri direban tirela, da Bafulatani wanda ya kawo dabbobi kasuwa suna zaune a benci ɗaya. Bakano ya iso hannun babbar rigarsa a yage, madubin babur ɗinsa na dama yana lilo.)

Bazazzagi: Sannu da zuwa, bawana. Yaya na ga riga a yage, ko wani ne ya ce ka rage masa naira goma a kuɗin yadi har abin ya kai ga dambe?

Bakano: Malam, bar zolaya, yau na ga abin da ya ishe ni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake lissafi, har na sayi wannan babur mai aiki da lantarki, ina yi masa caji da solar shagona ba tare da na leƙa gidan mai ba. To amma daga Bata zuwa 'Yankura, cikin cunkoson da kowa ke tafiya taku-taku, mai a-daidaita-sahu ya karkato kaina, mai baro ya gitta ta gabana, sannan wani mai mota ya buɗe ƙofa ya kwashe mini madubi, kuma dukkansu magana ɗaya suka yi, wai wallahi ba su ji zuwana ba.

Bagobiri: Alhaji, wannan ai ba abin dogon zance ba ne. Gobe ka zo gareji in sa yarona ya cire maka odar tirela, irin mai iska, a ɗaura maka a kan babur. Ranar da ka danna ta a 'Yankura, har mai sayar da tumatir a cikin kasuwar Sabon Gari sai ya matsa da tirensa.

Bakano: Na riga na tambayi makanike. Ya ce batirin babur ɗin volt 72 ne, kuma wata 'yar na'ura ce take rage wutar zuwa volt 12 domin fitila da sigina da oda, saboda haka idan aka jingina mata oda mai famfon iska, wutar da za ta ja ta fi ƙarfinta, fis zai ƙone, in kuwa an yi rashin sa'a na'urar ce za ta tafi. Da ya faɗi kuɗin sabuwa sai na ji odar ta fita daga raina.

Bafulatani: Ni dai, Alhaji, da za ka ji shawarata, da bunsuru za ka saya a wurina ka riƙa ɗaure shi a bayanka. Ba ya cin batir, ba ya gajiya da kuka, kuma direban da bai ji kukansa ba zai ji warinsa ko da ya rufe gilashi.

Bakano: Ardo, tun 2013 aka hana acaɓa a birnin nan, kuma ba ni da ƙarfin tsayawa ina rantse wa jami'an hanya cewa fasinjan nawa bai biya kuɗin haya ba. Abin da na yanke shi ne in sayi ƙaramar lasifika, in ɗauki rugugin tsohon Jincheng mai fasasshiyar salansa a waya, in riƙa kunnawa.

Bazazzagi: To yanzu ku saurara, domin an zo fagen ilimi, wanda ba a auna shi da yadi. Turawa sun riga ka tunanin lasifika. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga watan Yulin 2019 doka ta wajabta cewa duk sabon samfurin mota mai lantarki ya zo da na'urar da ke fitar da sauti daga lokacin da ta motsa har ta kai gudun kilomita 20 a sa'a, da kuma lokacin da take ja da baya, kuma a gudun kilomita 20 sautin kada ya gaza desibel 56. A Amurka iyakar ta kai kilomita 30 a sa'a, domin daga nan ƙarar taya da iska ta isa ta sanar da zuwan mota.

Bakano: Ka ga ni da Turawa hankalinmu ɗaya.

Bazazzagi: Bari in ƙarasa, kada ka yi mini ciniki a tsakiyar darasi. Wannan doka ta motoci ce masu ƙafa huɗu, kuma an yi ta ne saboda masu tafiya a ƙasa, musamman makafi, waɗanda ƙungiyoyinsu suka dage a kan maganar, tun da da kunne suke tsallaka titi. Desibel 56 bai wuce ƙarfin muryar mutum biyu da ke hira ba. Mai baronka zai iya jin sa, amma mutumin da ya rufe gilashi ya kunna na'urar sanyaya mota yana sauraron rediyo ba zai ji komai ba.

Bagobiri: Wannan karon Bazazzagi ya faɗi gaskiya, abin da ba kullum yake faruwa ba. Ni a cikin kan tirela, da injin yana ruri a ƙarƙashin kujerata, ko babur mai fetur ba na ji sai ya riga ya wuce ni, domin bakin salansa baya yake kallo, wanda ke bayanka shi yake shan ƙarar, ba wanda ke gabanka yana shirin karya kan mota ba.

Bazazzagi: Kuma an bincika. A shekarar 1981 aka fitar da sakamakon binciken da Farfesa Harry Hurt ya jagoranta a birnin Los Anjalas, inda suka bi diddigin haɗurran babur 900 a wuraren da suka faru. A cikin waɗanda babur ya yi karo da wata mota, kusan biyu cikin uku direban motar ne ya shiga hanyar mai babur, kuma babban dalilin shi ne bai gan shi ba, ko ya gan shi a makare. Ka lura, bawana, baburan wancan zamani masu fetur ne, suna ruri son ransu, amma rurin bai cece su ba. Abin da binciken ya nuna yana rage haɗari shi ne kunna fitila da rana da sanya riga mai launin da ke fizgar ido.

Bakano: Fitila da rana tsaka? Wato in biya kuɗin sola in tara wuta, sannan in riƙa haska wa rana hanya?

Bazazzagi: Karanta abin da aka rubuta a jikin injinka, watt 3000 ne. Fitilar zamani irin taka ba ta wuce watt 20 ba, saboda haka abin da za ta ci a yini bai kai abin da kake ƙonawa idan ka murɗa totur kana tseren isa shago kafin maƙwabcinka ba. Ka ƙara ƙananan fitilu biyu a ƙasa, hagu da dama, a sunkuyar da su don kada su kashe wa mutane ido, domin fitila uku a madubi sun fi guda ɗaya nuna wa direba nisan abin da ke tahowa.

Bafulatani: To me zai hana a sa masa mai walƙiya ja da shuɗi, da jiniya irin ta gwamna? Na ga duk inda ta bi, hanya tana buɗewa kamar garke ya hango kura.

Bagobiri: Wannan ta motar asibiti ce da ta kashe gobara da jami'an tsaro. Ranar da Alhaji ya sa ta, za a lura da shi ƙwarai, har a ba shi masauki kyauta. Alhaji, ka ji daga bakin wanda ya shekara da shekaru a kan sitiyari: idan ka dubi madubina ba ka ga fuskata ba, ni ma ban gan ka ba. Gefen dama na tirela, kusa da ƙofar yaron mota, da kuma gaban hancinta daf da bamba, wurare ne da babur ke ɓacewa gaba ɗaya, kuma idan zan sha kwana bodin yana yanko gefen da ka laɓe. Kada ka tsaya a nan ko da bunsuru goma ka ɗauro.

Bakano: To a tsakanin ƙananan motoci fa, inda na rasa madubina?

Bagobiri: A nan gudunka ne ya ci madubin. Idan motoci suna rarrafe, kai ma ka wuce su kaɗan-kaɗan, yatsunka biyu a kan birki, idonka a kan tayar gaba ta motar da kake shirin wucewa, domin taya tana karkata kafin direban Kano ya tuna akwai sigina. Inda ka ga fili ya buɗe a ɗaya layin, ka sani wani zai faɗa cikinsa ba sallama. Inda ka ga mota ta tsaya a gefe da mutane a ciki, ka ɗauka ƙofa za ta buɗe. Odarka ta ainihi ta isa, ka ɗan taɓa ta sau ɗaya kafin ka shiga gefen mutum, ba ka kwanta a kanta ba har ya fusata ya matse ka.

Bazazzagi: Akwai kuma na bayanka. Wasu baburan lantarki, da zarar ka saki totur sai injin ya riƙe taya yana mayar da wuta cikin batir, gudu ya ragu alhali jar fitilar baya ba ta kama ba. Ka sa wani ya tsaya a bayanka ku gwada, in haka naka yake, ka riƙa taɓa birki kaɗan domin mai a-daidaita-sahun da ke binka ya sani. Sai hular kwano fara, da 'yar shara mai ɗaukar ido a kan riga.

Bakano: 'Yar shara ruwan ɗorawa a kan shaddar da na kai wa maɗinki ya yi mako uku yana mata aiki? Mutanen Kwari za su ce Alhaji ya karye ya koma sharar titi.

Bafulatani: Ai shaddar ma ga ta nan mota ta fara yi mata nata aikin.

Bakano: Shi ke nan, na karɓi fitila, na karɓi 'yar shara, zan ma sa a buga sunan shagona a bayanta tun da dai kallona za a riƙa yi. Lasifikar masu tafiya a ƙasa ita ma zan sa, amma da sharaɗi ɗaya: makanike ya yi mata makunni a kusa da babban yatsana, yadda zan kashe ta duk lokacin da na so.

Bazazzagi: Me kuma zai sa ka kashe abin da ka saya da kuɗinka?

Bakano: Bin bashi, Malam. Da ina hawan mai fetur, tun daga bakin layi masu riƙe da kuɗina suke gane kukansa, kafin in yi sallama an aiko yaro ya ce ba ya nan. A makon nan mutum biyu na riska a ƙofar gida suna alwala. Kuma da na duba littafi jiya, na ga yadi goma na shadda da wani malamin makaranta ya karɓa tun kafin Babbar Salla, ranar Asabar da safe zan biyo ta unguwarsu.

Bazazzagi: Bagobiri, na sake nazarin maganar nan, kuma a matsayina na mai ilimi ina ganin akwai gyara a binciken Baturen. Ka kawo odar tirelar gobe, ni zan biya kuɗin fis. Ardo, nawa ka ce bunsurun?