Badala da tsofaffin itatuwan Kano: daga gindi ake kashe su

Durumin Iya, Durumin Zungura, Rimin Kira, Cediyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Ɗorayi. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa su nuna irin itatuwan da garin ya rayu a inuwarsu, amma a wurare da yawa irin waɗannan suna ne ya rage, bishiyar ta tafi. Haka ma badala. Ginin da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa shi a ƙarni na 15, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, kuma Najeriya ta miƙa sunansa ga jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2007, yau wanda ya bi titin Jami'ar Bayero (BUK) daga Ɗan'agundi zuwa Kabuga zai ga tuddai ne jefi-jefi tsakanin gine-gine.

Kano na buƙatar tituna, wannan ba abin musu ba ne. Ƙofar da aka yi domin raƙumi da jaki ba za ta ɗauki tirela ba, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ƙofar Nasarawa kafin a yi gadar sama ba zai raina aikin ba. Abin da nake ƙalubalanta shi ne zaton da ake yi cewa dole sai an zaɓi ɗaya, ko titi ko tarihi. Mafi yawan asarar da ake yi tun a kan takarda ake yin ta, ranar da aka ja layin titi ba tare da safiyo ya sa bishiya ko bangon ƙasa a taswirarsa ba. Katafila layin da aka ja mata kawai take bi.

A fara da bishiya, domin a nan rashin sani ya fi yawa. Mutane na ɗauka saiwar babbar bishiya ƙasa take nutsawa kamar rijiya. A gaskiya yawancin saiwoyin da take shan ruwa da iska da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, sun bazu gefe-gefe, sau da yawa har su wuce iyakar inuwar rassanta. Ƙa'idar da ake bi a wuraren gini a Birtaniya ita ce a auna kaurin gangar jikin bishiyar, wato faɗinta daga gefe zuwa gefe, a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, a ninka sau 12, abin da ya bayar shi ne nisan da za a killace ta kowane ɓangare. Wanda tef kawai yake da shi sai ya zagaya gangar jikin, ya ninka kewayen sau 4, lissafin zai zo kusan ɗaya. Tsamiya mai kewayen mita 2 tana son kusan mita 8 ta kowace fuska. Rimi mai kaurin mita 1 yana son mita 12, wato fili mai faɗin murabba'in mita 450 da ɗoriya. A cikin wannan da'ira ba a haƙa, ba a jibge burji ko yashi, ba a ajiye tifa, ba a kwaɓa siminti, ba a zubar da baƙin mai.

To, yaya ake yi a aikin titi a garuruwanmu? Idan an ce an bar bishiya, ma'anarsa ba a sare ta ba. Amma lambatu mai zurfin mita 1 zai bi ta kusa da gindinta, ya datse saiwoyin ɓangare guda gaba ɗaya. Rola za ta daddanne ƙasar har ruwa da iska su daina shiga. A ɗaga ƙasar wurin da jan burji, ya binne saiwoyi da wuyan bishiyar, sannan a kawo kankare ko intalok a shimfiɗa har ya rungume ɓawonta. Ranar buɗe titi tana nan kore shar, kowa ya yaba. Bayan shekara uku zuwa biyar ganye ya fara ƙanƙancewa, rassan sama su bushe, gara ta shiga ta inda aka ji wa saiwa ciwo, iskar farkon damina ta kayar da ita ta ɓangaren da ba ta da abin riƙewa. Sai a ce tsufa ne, ko a ce dama irin waɗannan itatuwa haɗari ne a bakin titi, a samu hujjar sare sauran. Ɗan kwangila kuwa ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Gyaran wannan bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Shingen kwano ko na waya a kewaye da'irar tun kafin injin farko ya shigo. In dole lambatu ya ratsa, a karkata shi, ko a haƙa wurin da hannu a zura bututu ta ƙarƙashin saiwoyi. Duk saiwar da ta fi santimita 2.5 kauri kada a bar bokitin injin haƙa ya fizge ta. In ba makawa a yanke ta da zarto, a rufe da ƙasa mai danshi a ranar. A bar gindin a buɗe, a zuba tsakuwa ko a shimfiɗa abin da ruwa ke ratsawa. Bishiyar da ta faɗo a tsakiyar layi, sau tari raba titin biyu a bar ta a tsibiri ya fi araha a kan ciro ta. Kuka tana jure dashe fiye da yawancin itatuwa saboda ruwan da take ajiyewa a jikinta, amma tsohuwar tsamiya ko maɗaci da wuya su tashi, ko da an datse saiwoyinsu watanni kafin a ɗaga su.

Ana yawan cewa an sare ɗaya za a dasa goma. Dashe abu ne mai kyau, amma ba ramuwa ba ne. Ɗan tsiron da aka sa a rami a watan Satumba, damina na bankwana, ba keji ba mai ban ruwa, akuya ce za ta gama da shi kafin hunturu. Wanda zai rayu shi ne wanda aka dasa a Yuni ko Yuli a rami mai faɗi da zurfin santimita 60, aka kewaye shi, aka riƙa ba shi kamar lita 20 sau biyu a mako har rani biyu. Ko shi ɗin, mai faci da mai shayin da suka rasa inuwa a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu sai su jira shekaru. Dalbejiya na saurin girma, shi ya sa ta cika gari, amma ba ta ba da miyar kuka, ba ta ba da kalwa, ba kuma da ita aka sa wa waɗancan unguwanni suna ba.

Badala ma ciwonta a gindi yake. Ginin ƙasa ne: tubalin da aka mulmula da hannu aka shanya, aka jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka bi da yaɓe. Irin wannan gini zai yi ɗaruruwan shekaru muddin ƙafarsa a bushe take kuma ana sabunta yaɓensa. A da, bayan damina, unguwanni da garuruwa ke fitowa gyaran rabonsu bisa umarnin Sarki, kuma ƙasar da aka haƙa aka yi ginin ita ta bar ramuka da kududdufan da ke ɗauke ruwan sama. Bayan zuwan Turawa a 1903 ganuwa ta tashi daga abin kariya, gyaran shekara-shekara ya mutu. Yanzu an cike kududdufai da shara an yanka filaye, an ɗaga titi ya fi gindin bangon tudu, ruwan Agusta ya rasa wurin zuwa sai ya kwanta a jikinsa. Ƙasa ta tsotse shi, gishirin da ke ciki ya ci ƙasan bangon ya yi masa kogo, saman ya rufto. Masu ɗibar ƙasa su ƙarasa abin da ya zube, mai neman fili ya kafa fegi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne gyara da siminti, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In aka lulluɓe shi da siminti, danshin ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ciki ba wanda ya gani, rana ɗaya filastar ta ɓantare da guntun bangon a bayanta. Maginanmu suna da abin da ya dace: ƙasa da ciyawa da aka bari suka kwana a kwaɓe, makuba daga kwasfar ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsin marina. A lura, makuba daga ɗorawa take, azara daga giginya. Wanda ya ƙarar da itatuwan ya ƙarar da kayan gyaran ginin.

Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 domin faɗaɗa titi an sake gina wata a wurin, mai faɗi, mota na wucewa a sake. Amma sabon gini ne mai tsohon suna. Ga shi kuwa garin yana da misalin wata hanyar: a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka buƙaci mashiga, Sabuwar Ƙofa aka buɗe a 1937. Titi zai iya ratsa ganuwa ta gefe, ta inda bango ya riga ya zube, a bar tsohuwar ƙofa ga masu tafiya a ƙasa.

Doka ba ta rasa ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke da alhakin badala, kuma dokar 1992 ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Sai dai dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, izinin gini kuma daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, yake fitowa. Mai alhakin bangon ba shi da iko da ƙasar da bangon yake kai. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace ta ci gajiyar wannan giɓi.

Saboda haka abin da ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta yi a bayyane yake. A yi rajistar duk bishiyar da kewayenta ya kai mita 2 a cikin birni, da irinta da inda take, masu unguwanni su nuna, ɗaliban jami'o'in garin su auna. A shata iyakar abin da ya saura na badala da tazarar da ba za a ba da takardar fili a cikinta ba, a buga taswirar kowa ya gani. Kada zanen titi ya wuce teburin amincewa sai an ɗora shi a kan waɗannan taswirori biyu. A cikin yarjejeniyar kwangila kuma a rubuta shingen bishiya da magudanar da za ta janye ruwa daga gindin bango a matsayin ayyuka masu farashi, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har bishiyar ta ga damina uku tana raye. Gadojin Tal'udu da Ɗan'agundi ba su ne na ƙarshe da za a zana a bakin ganuwa ba, don haka ya kamata rajistar nan ta riga zanen gada ta gaba fitowa.