Kafin ka biya kuɗin makarantar dillancin gidaje a New York

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na sanya hoton lasisina a nan, babu ranar da ba a tare ni ba, ko a saƙo ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a a nan Bronx, kuma tambayar ɗaya ce: wace makaranta ta fi araha, wacce ta fi saurin gamawa? Na amsa wa wasu a tsaitsaye, amma raina bai kwanta ba, domin ni a ganina tambayar ce tun farko ba a yi ta daidai ba.

A gida, dillanci harka ce ta sanin mutane. Ka san mai gida, ka san mai nema, ka haɗa su, a yi ciniki, a sallame ka da la'ada. A nan kuwa, karɓar la'adar gida ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar jihar New York, kuma idan aka hana ka kuɗin, kotu ba za ta saurare ka ba. Na san akwai 'yan uwanmu da ke nema wa mutane ɗaki suna karɓar na goro. Don Allah a yi hattara.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Ka kai shekara 18, ka yi karatun awa 77 a makarantar da hukumar jiha ta amince da ita, ka ci jarrabawar makarantar, ka ci ta jiha, sannan ka samu babban dillali da zai ɗauke ka ƙarƙashin ofishinsa. Kowace jiha da nata lissafin: Florida awa 63, California 135, Texas har 180. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da tallar intanet mai cewa takardarsu tana aiki ko'ina a Amurka. Ka shiga shafin Ma'aikatar Harkokin Jiha ta New York, ka ga sunan makarantar da idonka cikin jerin waɗanda aka amince da su, kafin ka zaro katinka.

Ni da arahar na fara. Na biya wata makarantar intanet, ina kallon darasi a waya tsakanin fasinja da fasinja. Awanni suna ta ƙirguwa, kai kuwa babu abin da ya zauna. Idan na aika tambaya sai a kwana uku ba amsa. Wata huɗu na yi a haka, wa'adin da suka ba ni ya kusa cika, suka ce sai na ƙara kuɗi a tsawaita. Nan na gane gaskiyar masu cewa araha ba ta ado. Na koma ajin da ake zama da malami da yamma, wata dattijuwa da ta shekara da shekaru a harkar, wadda in ka ɗaga hannu za ta tsaya har sai ka gane.

Ban ce karatun intanet ba shi da amfani ba. Ɗan da ya tashi a nan, ya yi sakandare a nan, zai iya gamawa a ɗakinsa. Amma mu da muka zo da girmanmu, abin da ke kayar da mu shi ne harshen. Turancin jarrabawar nan ba na titi ba ne, ba na tasi ba ne, na lauyoyi ne. Kalma ɗaya ce ke raba wanda ya mallaki gida har abada da wanda ya mallake shi iya tsawon rayuwarsa. Wata kalmar ce ke nuna ko kason mamaci zai koma ga abokin tarayyarsa ko ga magadansa. Mu da muka san rabon gado, ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sunan ne baƙo. Abin da ya cece ni shi ne littafin rubutu: kowace kalma na rubuta ta, a gabanta na fassara da Hausa yadda zan yi wa mahaifiyata bayani. Wadda na kasa fassarawa, na san ban gane ta ba tukuna.

Don haka ka tambayi makaranta: akwai malamin da ke amsa tambaya, kuma cikin kwana nawa? Wata nawa ne wa'adina? In na faɗi jarrabawarku, sau nawa zan sake, kuma da biya? Kuɗin mai sa ido a jarrabawa yana ciki? Wadda ta yi ta kewaye-kewaye, ka wuce.

Jarrabawar jiha tambaya 75 ce ta zaɓi, cikin awa ɗaya da rabi, ana neman kashi 70 cikin ɗari. Ta eAccessNY, shafin intanet na hukumar jiha, ake kama ranar jarrabawa. Lissafin da mutane ke tsoro bai taka kara ya karya ba. Ka haddace cewa eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, ka iya fitar da kaso, ka iya raba harajin shekara tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kuma kada ka bari sati ya yi yawa tsakanin gama aji da shiga jarrabawa, a bugi ƙarfe da zafinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Akwai babin da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa kawai su watsar, shi ne dokar hana wariya a gidaje, wadda Amurka ta kafa a 1968. A 2019 jaridar Newsday ta fallasa yadda dillalai a Long Island ke karkata baƙar fata da sauran tsiraru zuwa wasu unguwanni, suna nuna wa farare wasu. Bayan wannan ne jiha ta tsaurara, awannin karatu suka tashi daga 75 zuwa 77. Mu ne irin waɗanda aka yi wa wannan zalunci. Amma mu ma muna iya aikata shi da kyakkyawar niyya. Alhaji mai gida zai kira ka gefe ya ce, "Ɗana, ka samo mini Musulmi, ban son masu yara da yawa, ban son masu takardar tallafin haya ta gwamnati." Duk ukun nan, in ka aiwatar a matsayinka na dillali, ka taka doka, kuma lasisinka ne a kan gargara. Yadda za ka ce wa dattijo a'a cikin ladabi, ba tare da ka rasa shi ba, bidiyo ba ya koya maka. A aji na ji malama ta kawo misalai, muka yi ta muhawara har aka tashi.

Sai maganar kuɗi, wadda masu talla ba sa so a yi. Babu albashi. A ce an sayar da gida dala 500,000 a kan la'adar kashi 5, wato 25,000. Ofishi biyu suka raba, na ɓangaren mai sayarwa da na mai saye, naku ya samu 12,500, kai kuma in rabi kuka yi da maigidanka, 6,250 ne naka, kafin haraji, bayan wataƙila ka yi watanni kana zirga-zirga. Kuma daga hannun babban dillalinka kaɗai doka ta yarda ka karɓa. A ɓangaren haya ma abubuwa sun sauya: tun watan Yunin 2025, a birnin New York, dillalin da mai gida ya ɗauka ba zai caji ɗan haya ba. Duk shekara biyu kuma sai ka ƙara karatun awa 22 da rabi kafin a sabunta maka lasisi.

Shi ya sa nake roƙon duk mai tuƙi ko mai aikin kula da tsofaffi da ke son shiga: kada ka ajiye aikinka tukuna. Ni har yau ina fita da mota da asuba, sai azahar nake shiga ofis. Mai son ganin littafin kalmomin nan nawa, ya same ni bayan sallar Juma'a, zan zo da shi.