Jakin Taki da Sharar da Ƙasa Ba Ta Ci

Duk wanda ya taso a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ya san zirga-zirgar rani, lokacin da jakuna kan shigo gari da sassafe ɗauke da icen girki, su koma da yamma mangala cike da taki. Takin nan sharar gidaje ce, wato toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ragowar kara, kuma da shi ne gonakin Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu suka daɗe suna ba da gero da dawa kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba.

Leda ce ta tsinke wannan igiya. Har gobe manomi yana sayen sharar birni, sai dai yanzu tifa ce ke juye masa ita, kuma sai ya kwashe kwanaki da 'ya'yansa suna tsince baƙar leda da ta fiya wata kafin ya baza abin da ya rage. Wadda ta kuɓuce masa tana nan a ƙasa, garma za ta tono ta baɗi, ta sake tono ta baɗin baɗaɗa. Mahauta kuwa sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin saniya, dabbar da mai ita ya yi ta ɗura wa magani yana zaton ciwo ne ke ramar da ita. Batun kwatoci a watan Agusta ba sai na faɗa ba.

Ana yawan cewa ya kamata gwamnati ta kafa dokar hana leda, kuma ban ƙi ba. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, an kuma ga bambanci a titunansu. Nijar ma ta yi dokarta tun 2014, amma wanda ya ratsa bayan garin Maraɗi ko Damagaram zai ga leda rataye a kan ƙaya kamar an shanya wanki. A ganina, muddin mai kayan miya zai ƙulla tumatir daban, attaruhu daban, albasa daban, ya haɗa su a leda ta huɗu kyauta, mu kuma mu karɓa ba tare da tunani ba, dokar a takarda za ta tsaya. Ledar ruwan sha kam ina yi wa mutane uzuri, domin wanda famfon unguwarsu ya shekara bai kawo ruwa ba, ba a yi masa wa'azin tulu.

A gidana mun koma wa abin da muka tarar iyayenmu suna yi. Yaro yana zuwa wajen mai koko da kwano, ni ina zuwa kasuwa da kwando, an kuma daina hura gawayi da leda, saboda hayaƙin nan a ƙirjin uwargida yake sauka. Toka da ɓawo da kashin kaji suna da raminsu a bayan ɗaki, leda tana da buhunta. Da farko yara sun ga abin wahala, maƙwabta ma sun ɗan yi dariya. Bana daga ramin nan na kwashe buhu uku na taki, na zuba wa zogale da yakuwa, na aika wa ƙanena ragowar zuwa gona.