Abin da ke tsinka fenti bayan an zuba masa kala

Masu fenti da yawa sun ɗauka cewa idan fentin ruwa ya tsinke bayan an zuba masa kala, to algus ne, an cika shi da ruwa tun daga kamfani. Zargin yana da tushe, domin ruwa na tsinka fenti. Amma sau da yawa ba daga nan matsalar take ba.

A fentin ruwa da yawa, kaurin yakan fito ne daga wani sinadarin ƙara kauri da ake kira HEUR: kowace ƙwayarsa kamar doguwar sarƙa ce mai son ruwa, wadda aka liƙa wa kowane bakinta gajeriyar jela mai gudun ruwa, galibi mai ƙwayar kabon 12 zuwa 18. A cikin ruwa jelunan sukan dunƙule wuri guda, sarƙoƙin su haɗe kamar raga. Ragar nan ita ce kaurin. Ɗaurinta kuma na wucin gadi ne, buroshi ya warware shi, ya sake kamawa a jikin bango.

Ita kuwa kala tana ɗauke da sinadari dangin sabulu. Kaɗan daga cikinsa yana iya ƙara kauri, amma idan ya yi yawa sai ya lulluɓe kowace jela ita kaɗai, ragar ta kwance. Shi ya sa baƙi ko ja mai duhu, masu shan kala da yawa, suka fi launi mai haske tsinkewa, ko da daga bokiti ɗaya aka ɗebo su.