Monita ta ƙi kawo hoto, ba lallai ta ƙone ba

Jama'a abin nan na damuna a Katsina, da monita, wato allon kwamfuta, ta yi baƙi sai a ce ai ta ƙone, a tafi neman wata. Ban ga laifin kowa ba, yadda wuta ke dawowa da ƙarfi dole a yi wannan zaton. Amma a fara duba ƴar fitilar jikinta. In tana ci, ko da ruwan goro ce, to wuta na shiga, galibi hoto ne bai iso ba, wataƙila wayar VGA ko HDMI da ke kai mata hoto daga kwamfutar ta saki ko kuma RAM, wato ƴan katin ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutar, ya sha ƙurar hunturu, sai ka kashe kwamfutar ka zare shi ka goge ka mayar. In fitilar ba ta ci sam, canza wayar wuta da soket tukuna kafin ka nufi mai gyara.