Wuyan da ya ƙage ba ƙashi ne ya goce ba

Abin yana damuna. Mutum ya tashi da safe wuyansa ya ƙage, sai a ce masa ƙashi ya goce, a nemo wanda zai murɗa shi ya koma. Ban ga laifin masu faɗa ba, don zafin yakan kai mutum ya kasa waiwaye sai dai ya juya jiki gaba ɗaya, kuma in an murɗa akan ji ƙas.

Ƙasusuwan wuya 7 ne, jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure su tamau, mugun kwanciya ba ya gusar da su. Galibi tsoka ce ta ɗaure. Maƙwabcina a Tudun Wada ya kwana kan buhun masara, wuya a karkace. Gashi da ruwan ɗumi kawai aka yi masa, kwana 3 ya ware. Ƙarar nan da ake ji in an murɗa kuwa iska ce a ruwan gaɓa.

Laka ta tsakiyar ƙasusuwan nan take bi, jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa suna ratsa gefensu, shi ya sa murɗar ƙarfi ke da haɗari. In da zazzaɓi, ko hannu ya mutu, ko faɗuwa aka yi, a wuce asibitin Shika da ke Zariya.