Nas ta sayi yunifom da kuɗinta, sannan a cire mata haraji a kan kuɗin?

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 da sabuwar dokar haraji ta fara aiki, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, duk mai albashi ya koma duba takardarsa ya ga nawa aka yanka. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu, wannan kam an kyauta, daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15, abin da ya haura zuwa miliyan 12 sai ya koma 18, daga nan ya ci gaba da hawa har zuwa 25. An soke tsohon rangwamen nan na bai-ɗaya da kowa ke samu, aka kawo na kuɗin haya, wato kashi 20 na hayar da mutum ya biya amma kar ya wuce dubu 500. Kuɗin fansho da na asusun gidaje da inshorar lafiya duk ana fitar da su kafin a yi lissafi. To amma in ka bi jerin nan daga sama har ƙasa ba za ka ga kuɗin da ma'aikacin jinya ke kashewa daga aljihunsa don kawai ya iya tsayawa a bakin aiki ba, kuma ni a ganina wannan giɓi ne da ya kamata a toshe.

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya san abin da nake nufi. Fararen kayan nan da nas ke sakawa ba saiti ɗaya ba ne, kuma ba a maimaita su ba wanki, ga jini ga amai ga magani, kullum sai omo da bilic da guga. Takalmin da za a tsaya da shi tun magariba har gari ya waye shi ma ba na kasuwar gwanjo ba ne in dai ana son ƙafa ta kai labari. Da yawa su ke sayen abin awon jini nasu da na zafin jiki da almakashi da tocila saboda dutin dare in an ɗauke wuta, wani lokacin har safar hannu. Sannan ga lasisi, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ba ta sabunta wa mutum sai ya halarci kwas na ƙarin sani ya biya kuɗinsa, ga kuɗin mota zuwa wurin kwas ɗin, in ba lasisi kuwa ba aiki. Wannan duk ba kuɗin jin daɗi ba ne, ba ta ci ba ba ta sha ba, amma ranar albashi ana lissafa shi a matsayin abin da ta samu a yanki haraji a kai.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, idan asibiti ne ya ɗinka yunifom ya raba wa ma'aikata, doka ba ta ɗaukar wannan a matsayin wata riba da za a caje su haraji. Amma idan asibitin ya gaza, nas ta cire daga albashinta ta ɗinka, sai ta biya harajin kuɗin. Kenan wadda aka bari da nauyin ita ce kuma ake ƙara wa wani.

A Ingila, inda dubban ma'aikatan jinyarmu suka koma aiki a 'yan shekarun nan, hukumar harajinsu ta HMRC ta daɗe da warware wannan. Nas ko ungozoma da ke wanke yunifom ɗinta a gida ana fitar mata da fam 125 a shekara daga kuɗin da za a yi wa haraji, ba sai ta nuna rasit ba, akwai fam 12 na takalmi da fam 6 na safa idan wurin aiki ya wajabta irinsu, kuma kuɗin rajistar shekara da take biyan hukumar jinya ta can da na ƙungiya su ma suna shiga. Ana cike fom ɗaya mai suna P87, har na shekara 4 baya ana iya nema. 'Yan'uwanmu da ke can don Allah ku nema da kanku, kyauta ne, kar ku ba kamfanonin nan masu talla a Facebook su yanki rabonsu a banza.

Na san za a ce ai kuɗin ba yawa. Gaskiya ne, fam 125 ga mai biyan kashi 20 fam 25 ne kacal ke dawowa. Mu ma nan a ce nas ta kashe dubu 100 a shekara, tana layin kashi 15, dubu 15 ne zai rage mata. Ba zai hana kowa neman biza ba, kuma ba zai maye gurbin ƙarin albashi ba. Lokacin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunsu har da alawus na yunifom da na duti, kuma can ne babbar maganar take. Amma fa alawus sai an yi zaman sulhu an sa hannu, tarayya ta biya, wata jihar ta ce ba ta da kuɗi, mai asibitin kuɗi kuma ya ce shi ba ruwansa. Rangwamen haraji kuwa yana bin mutum ne duk inda yake aiki, ko asibitin koyarwa ko ƙaramin asibitin ƙauye ko na ɗan kasuwa, in dai ana cire masa haraji daga albashi. Kuma dubu 15 a gidan da ake lissafin kwanon shinkafa wallahi ba abin rainawa ba ne.

Wasu kuma za su ce in an ba nas, gobe malamin makaranta zai zo da kuɗin alli, ɗan gwaje-gwaje ma ya zo da nasa. To su zo mana, in dai kuɗin aiki ne na dole da mai aiki bai biya ba, hujjar ɗaya ce. Tsoron rasit na bogi shi ne damuwar da na yarda da ita, shi ya sa ƙayyadadden adadi ya fi, a yanka wa kowace sana'a nata, a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci saboda tsadar kaya, mai lasisi mai rai shi ne ya cancanta, ofishin albashi ya saka shi kai tsaye ba sai nas ta bar marasa lafiya ta je bin layi a ofishin haraji ba.

Harajin albashi jihohi ne ke karɓarsa, ta hukumomin harajinsu irin su KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna, don haka gwamnoni za su ce aljihunsu za a taɓa, amma gyaran dokar aikin Majalisar Tarayya ne. Shugabannin NANNM su haɗa lissafin abin da mambobinsu ke kashewa a shekara, yunifom nawa, lasisi nawa, kwas nawa, su kai wa kwamitocin kuɗi na majalisun biyu a rubuce, su kuma sa shi cikin buƙatunsu a zama na gaba da ma'aikatar lafiya.